Narkewar Akirilik a Injin Leza: Nazari Kan Masu Zanen Allo na Fagge da Sabon Gari

Kasuwar Singa ta Kano kasuwar buhu da katan ce: sukari, shinkafa, fulawa, taliya, man girki. Amma duk dilan da ya kafu yana son ganin sunansa a rubuce, ko a allon bakin shago, ko a lambar yabo, ko a maƙalin makulli da zai raba wa abokan ciniki. Masu zanen allo na Fagge da Sabon Gari ne ke wannan aiki. Da buroshi da fenti suka fara, bugun bana (banner) ya zo ya karɓe kasuwa, yanzu kuma injin leza ke sassaƙa rubutu a jikin akirilik, robar nan mai kama da gilashi wadda aka fi sani da Perspex, sunan da kamfanin ICI na Ingila ya ba ta a 1934.

Kukan da aka fi yi a sana'ar shi ne narkewa. Harafin da ya kamata ya fito fari tas sai ya fito da kumburarren gefe, yana ƙyalli, yana danƙo. Nan take a ce injin ne ya gaji. A ganina, sau da yawa ƙazafi ake yi masa.

Akirilik yana fara laushi da zarar zafi ya haura digiri 100 kaɗan, amma sai wajen digiri 300 yake zama tururi ya tashi. Aikin leza shi ne ta tsallake wannan tazara cikin ƙiftawar ido, a ɗan ɗigon wuri. Duk abin da ya sa zafi ya daɗe ko ya bazu, to robar da ke gefe za ta tsaya a tsakiya, ta narke ba ta tashi ba.

Matsalar takan faro tun daga wurin saye. Akirilik iri biyu ne. Akwai na zubi, wanda ake zubawa tsakanin gilasai biyu har ya daskare, shi ne ke ba da farin rubutu. Akwai na matsi, wanda inji ke matsowa, ya fi arha, ya fi saurin narkewa, rubutunsa kuma garau yake fitowa babu farin. A ido kusan ɗaya suke. Alhajin Singa ya taya aiki ƙasa-ƙasa, mai zane ya nemi inda zai rage asara, sai ya ɗauko na matsi. Araha ba ta ado.

Sai kuma yadda ake koyon sana'ar, wanda nan ne na fi ganin rauni. Tsohon mai zane yakan san fentinsa da hannu, ya san lokacin da zai ƙara kananzir. Yaron shago na yau CorelDraw yake koya, sannan maigida ya ba shi lambobi biyu, na ƙarfin wuta da na gudu, ya haddace su kamar karatun allo, ya riƙa zuba wa kowace roba, mai kauri da marar kauri. An gaji biyayya ga maigida, ba a gaji gwaji ba. Alhali ɗan guntun da ake zubarwa ya isa a gwada kafin a ɗora allon mutane.

Kano ma tana da nata hannu a ciki. Ƙurar hunturu takan kwanta a madubai uku da hasken ke bi da kuma gilashin da ke tattara shi, sai ɗigon ya faɗaɗa. A Maris da Afrilu zafi kan kai digiri 40, ga shi ruwan da ke sanyaya bututun leza bai kamata ya wuce 25 ba, wasu kuwa bokiti kawai suke ajiyewa. Ga wutar janareta mai hawa da sauka. Da bututu ya raunana sai yaro ya rage gudu don rubutu ya shiga, rage gudun nan kuwa shi ne ke dafa robar.

Gyaran ba mai tsada ba ne. A ƙara gudu, a rage wuta, in ana son zurfi a bi sau biyu. A buɗa tazarar layuka, a daidaita tsayin kan injin, a rage iskar da ke hurawa. A ɓare ledar da ke saman allon, don ita ce ke fara narkewa. Bayan an gama a wanke da ruwa da sabulu, domin sifirit yana tsattsaga gefen da leza ta taɓa.

Abu biyu ne ba su da gyara. Farin allon PVC da ake haɗa alluna da shi ba ya shiga leza, hayaƙinsa yana cin huhu, yana cin ƙarfen injin. Shi kuma akirilik yana kama wuta, musamman wajen yanka. Unguwar da ta ga gobarar Kasuwar Sabon Gari a Maris 2016 ba ta buƙatar dogon bayani. Maigida, kada ka bar inji yana aiki babu mai tsaronsa, ko da salla za a fita.