Tsakure Ba Shi Ne Binciken Ba

Mai karanta maƙalar kimiyya yakan fara daga take, ya bi ta tsakure, ya shiga gabatarwa. Kafin ya kai sashen hanyoyin bincike da jadawalin alƙaluma, ko dai ya gaji ko kuma ya riga ya gamsu. Irin wannan karatu ya dace da littafin labari, bai dace da maƙala ba, domin ba a jera ta bisa yadda aikin ya gudana. Peter Medawar, wanda ya ci kyautar Nobel a 1960, ya koka da haka tun 1963 a wani jawabinsa na rediyon BBC: maƙala takan nuna hanya a miƙe sambal, alhali a ɗakin gwaji lalube aka yi. Tsakure da kammalawa ra'ayin marubuci ne kan abin da ya samo, shi kuwa abin da aka samo ɗin yana cikin jadawali. Can ya kamata ido ya fara sauka, da tambayoyi a shirye: mutum nawa aka gwada, da su wa aka kwatanta su, me aka auna, kuma ina waɗanda aka fara da su amma ba a ƙare da su ba?

A watan Maris na 2020, Didier Raoult da abokan aikinsa a birnin Marseille na Faransa suka buga maƙalar da ta ce haidiroksikulorokwin, ɗan'uwan kulorokwin ɗin zazzaɓin cizon sauro, yana kawar da ƙwayar korona. Sakamakon da aka tallata mai ɗaukar hankali ne: a rana ta shida, kashi 70 cikin ɗari na masu shan maganin sun rabu da ƙwayar, waɗanda ba su sha ba kuwa kashi 12.5 kacal. Amma wanda ya shiga cikin maƙalar zai ga mutum 26 aka bai wa maganin, 20 aka lissafa. Cikin shidan da aka ajiye gefe, uku an garzaya da su sashen kulawa ta musamman, ɗaya ya rasu. Wato waɗanda jikinsu ya tsananta su ne aka cire daga lissafin nasara. Mutum 16 da aka kwatanta da su ba da ƙuri'a aka ware su ba, wasunsu ma a wasu asibitoci suke kwance. Sannan abin da aka auna shi ne ƙwayar da ke cikin hanci da maƙogwaro, ba warkewa ko mutuwa ba. Duk wannan yana rubuce a maƙalar, babu abin da aka ɓoye, karantawa ce ba a yi ba. A watan ne Donald Trump ya yi ta yabon maganin, hukumomin lafiya a Legas kuma suka ba da labarin mutanen da aka kwantar saboda sun sha kulorokwin fiye da kima.

Wani zai ce ai mujallu suna da masana masu tantancewa, don me ɗalibi ko ɗan jarida zai maimaita aikinsu? Maƙalar Raoult washegarin isarta mujalla aka amince da ita, kuma babban editan mujallar yana cikin marubutanta. Sai a Disamban 2024 aka janye ta, bayan aikin gama ya gama. Tantancewa tana rage kurakurai, ba ta ƙarar da su. Wani kuma zai ce wanda bai karanci ƙididdiga ba, ina shi ina jadawali? Gaskiya ne akwai lissafin da sai gwani, amma gane cewa 26 sun koma 20 bai buƙaci digiri ba.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta gaggawa: annoba na kashe mutane, ɗan ƙaramin bincike ya fi babu. Haka ne, kuma ƙanƙantar bincike ba laifi ba ce matuƙar an ɗauke shi a matsayin dalilin yin babban gwaji. Birtaniya ta yi gwajin, mai suna RECOVERY, inda aka raba marasa lafiya da ƙuri'a: 1,561 suka sha maganin, 3,155 ba su sha ba. Cikin kwana 28, kashi 27 cikin ɗari na rukunin farko suka rasu, na biyu kuwa kashi 25.