Rufe babban titi a Rondo: wa zai zauna a inuwar lambun?

A birnin St. Paul da ke jihar Minnesota ta Amurka, wata ƙungiya mai suna ReConnect Rondo tana neman a yi wa wani yanki na babban titin I-94 rufi da kankare. Motoci za su ci gaba da gudu ta ƙasa, a sama kuma a samu sabon fili da zai iya kai eka 21, a dasa bishiyoyi, a gina gidaje da shaguna. Wasu mazauna unguwar suna murna. Wasu kuma cewa suke yi in aka gama aikin, tsadar haya za ta kore su. Mun auna hujjojin ɓangarorin biyu, kuma a ganinmu shirin yana da wani babban rauni: yana magana sosai a kan filin da za a ƙirƙira, alhali fitinar tana kan filayen da ke kewaye da shi.

Yadda aka raba unguwar gida biyu

Kafin titin, Rondo ita ce cibiyar baƙaƙen fata a St. Paul, inda mafi yawansu ke zaune da coci-cocinsu da shagunansu da ƙungiyoyinsu. Tsakanin 1956 da 1968 aka haƙa wani dogon rami ta tsakiyar unguwar, aka shimfiɗa titin a ciki. Masu fafutukar unguwar suna ƙiyasta cewa an rushe gidaje kusan 700 da wuraren sana'a kusan 300. Ba don babu wata hanya ba: wani jami'in tsara birnin, George Herrold, ya ba da shawarar a bi ta arewa, ta gefen layin dogo, aka yi watsi da shawarar. Sai a 2015 magajin garin, Chris Coleman, da shugaban hukumar sufuri ta jihar, Charlie Zelle, suka fito suka nemi gafarar mutanen Rondo.

Don haka in ka ji wani dattijo a Rondo yana ɗari-ɗari da sabon aikin raya unguwa, kada ka yi mamaki. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Abin da rufin zai iya da wanda ba zai iya ba

Mu fara da adalci. Rufin zai rage ƙarar motoci ga gidajen da ke dab da shi. Zai ba yaro damar tsallakawa daga kudu zuwa arewa a ƙafa ba tare da ya bi siririyar gada a kan dubban motoci ba. Bishiyoyi kuma suna rage zafin da kwalta ke tarawa. Duk wannan gaskiya ne.

Amma batun hayaƙi fa? Binciken da aka yi a gefen manyan tituna, ciki har da na birnin Los Angeles, ya nuna cewa ƙananan ɓurɓushin hayaƙi, waɗanda ido ba ya gani, sun fi yawa a bakin titi, sannan su riƙa raguwa har zuwa tazarar mita 300 ko fiye. Su ne ake dangantawa da asma da ciwon zuciya. To rufi ba ya kashe hayaƙi, tunda injin motar bai daina ƙona mai ba. Abin da yake yi shi ne tattara shi ya fito ta bakin ramin ko ta bututun fitar da iska. Wato wanda ke tsakiya ya samu sauƙi, wanda gidansa ke bakin ramin kuma wataƙila nasa ya ƙaru. Irin wannan ƙorafi yana cikin abin da ya kai wani aiki makamancin wannan kotu a birnin Buffalo, inda a Fabrairun 2025 alƙali ya dakatar da rufe titin Kensington na kusan dala biliyan 1 har sai an yi cikakken nazarin tasirinsa ga muhalli.

Korar tsada: yaya take faruwa?

Masana birane suna da suna ga abin da mazauna Rondo ke tsoro. Da Hausa mu kira shi korar tsada. Ba buldoza, ba takardar tashi daga hukuma. Farashi ne kawai ke yin aikin. Ga yadda abin yake. Gidan da ke gefen titi mai ƙara da hayaƙi yana da araha saboda ƙarar da hayaƙin. Ka cire su, ka kawo lambu, darajar filin ta tashi. Mai gidan haya ya ƙara kuɗi. Shi kuma mai zama a gidan kansa, a Amurka ana yanka masa harajin gida gwargwadon darajar gidan, don haka tsohuwa mai cin fansho za ta ga haraji ya hau alhali abin da ke shigo mata bai motsa ba.

Akwai alƙaluma. A Chicago an mai da wani tsohon layin dogo doguwar hanyar shaƙatawa da ake kira 606, aka buɗe ta a 2015. Cibiyar nazarin gidaje ta Jami'ar DePaul ta gano cewa a ɓangaren yamma, inda masu ƙaramin ƙarfi suka fi yawa, farashin gidaje ya tashi da kusan kashi 48 cikin 100 daga fara aikin a 2013 zuwa 2016. A Atlanta, Dan Immergluck da Tharunya Balan sun nuna cewa tsakanin 2011 da 2015, gidajen da ke cikin rabin mil daga hanyar BeltLine sun fi sauran hauhawar daraja da kashi 18 zuwa 27 cikin 100. Waɗannan ba rufin titi ba ne, amma dalilin iri ɗaya ne: wuri ya yi kyau, farashi ya bi shi.

Abin da ya fi muhimmanci ga Rondo shi ne wani binciken Immergluck na 2009, wanda ya nuna farashi ya fara tashi a kusa da BeltLine tun ana labarin aikin a jaridu, kafin a kafa ko da tubali ɗaya. Dillalan filaye ba sa jiran bikin buɗewa.

Inda shirin ya gaza

ReConnect Rondo ba ta jahilci wannan ba. Tana maganar gidaje masu rahusa a saman rufin, da mallakar al'umma, da matakan hana korar mazauna. A 2021 majalisar jihar ta ware dala miliyan 6.2 don tsara aikin. Matsalar ita ce gidajen saman rufin ba za su samu ba sai bayan shekaru masu yawa, in an samu kuɗin gini, amma gidajen da ke kewaye suna hannun masu su a yau, kuma ana iya sayar da su gobe. Ɗan haya da aka ƙara wa kuɗi bana ba zai jira rufin ba. Duk sanarwar da aka yi a kan aikin talla ce kyauta ga masu sayen filaye. In ba a yi hattara ba, sai a wayi gari waɗanda suka shaƙi hayaƙin shekara 60 sun tafi, wasu sun zo shan iska: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Su ma masu adawa ba su tsira ba. Cewa a bar titin yadda yake don kada unguwa ta yi tsada, daidai yake da cewa talaka ya biya araha da huhunsa. Ƙungiyar Our Streets kuma tana so a cike ramin gaba ɗaya a mai da shi titin cikin gari. Wannan ya fi magance hayaƙi in motoci suka ragu, amma shi ma zai ɗaga darajar filaye, wataƙila ma fiye da rufin. Tambayar mallaka tana nan ko wanne aka zaɓa.

Me ya kamata a fara yi?

Abin mamaki, kayan aikin suna Rondo tuni. Tun 1993 akwai ƙungiyar Rondo Community Land Trust, mai aiki kamar waƙafi: ƙungiyar ta riƙe filin har abada, iyali su sayi ginin kawai da rahusa, in za su sayar kuma an ƙayyade ribar da za su ci, don na gaba ma ya samu da rahusa. Hauhawar darajar fili ba ta korar mai irin wannan gida. A 2023 birnin ya kafa asusun gado da ke ba zuriyar waɗanda titin ya raba da gidajensu tallafin sayen gida har dala 110,000. Masu zaɓe kuma sun amince a 2021 da ƙayyade ƙarin haya zuwa kashi 3 cikin 100 a shekara, ko da yake an sassauta dokar daga baya.

A birnin Washington, masu shirin lambun gadar 11th Street sun fitar da tsarin kare mazauna tun 2015, suka taimaka aka kafa irin wannan waƙafin filaye kafin a gina lambun. Jerin da ya dace ke nan. A sayi gidajen da ke kewaye a saka su a waƙafi, a rage wa tsofaffin mazauna nauyin haraji, a auna iskar bakin ramin a bayyana wa jama'a sakamakon, sannan a zuba kankare. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Don haka ma'aunin da za mu ba mai karatu, ko a Rondo ko a wani birni, ba faɗin lambun ba ne ko kyawun zanen da ake nunawa a taro. A tambayi gida nawa ne a kewayen aikin aka riga aka fitar daga hannun kasuwa, kuma nawa aka ware wa hakan idan aka kwatanta da kuɗin kankare.