Jinjina Ga Masu Zubin Tukwane

Daga Kalmalo zuwa Illela, har tsallaken iyaka a Birnin Konni, da wuya a yi girkin biki babu tukunyar alminiyum. Maƙeran da ke zubinta sun cancanci yabo. Gwangwanin lemo da tsofaffin kayan injin mota suke narkarwa da gawayi, sai zafi ya haura digiri 660, sannan su kwarara cikin yashin da suka danne da hannu. Danshin yashin ya yi yawa, ƙarfen ya fantso. Ya yi kaɗan, siffar ta rushe. Da tafin hannu suke auna wannan.

Matashin da ke koyon sassaƙa alminiyum da injin CNC mai bin umarnin kwamfuta yana fama da laushin ƙarfen nan, mai manne wa bakin wuƙa in ya ɗau zafi. Ina ma zai fara zama a maƙerar masu zubin tukwanen nan.