Jinjina ga Likitocin Gashin Ƙashi

Sai wanda wuyansa ya riƙe wata da watanni ya san darajar waiwaye. A sallah, in an zo sallama, sai ya juya da kafaɗa gaba ɗaya. Tela a kan keken ɗinki ya san wannan azaba, haka direban doguwar hanya, balle mu da muke duƙe kan waya dare da rana.

Shi ya sa nake jinjina wa likitocin gashin ƙashi, irin na Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Ba sa gaggawa. Sai sun tambaye ka irin matashin da kake kwana a kai da yadda kake zama wurin aiki, kafin su ɗora maka hannu. Sun san ƙasusuwa 7 ne kacal a wuya, suna ɗauke da kai mai nauyin kilo 5 ko kusa da haka, kuma duk duƙawa ƙara musu kaya take yi. Za su gasa wurin, su murza tsokar da ta ƙage, sannan su koya maka motsin da za ka riƙa yi a gida. Nan ne fa yawancinmu muke ha'inci: da an ji sauƙi, sai a watsar.

Amma ɗan'uwa, in riƙewar wuya ta zo da zazzaɓi da matsanancin ciwon kai, kada ka tsaya neman gashi. Yana iya zama sanƙarau ne. Garzaya asibiti.