Bainari: Kalmar Aro da Muke Sawa a Baibai

Akwai wata kalmar Turanci da ta shigo rubutunmu na sharhi, ina kuma ganin muna cin zalinta. Turawa suna rubuta ta binary, mu muna furta ta bainari, ɗaliban Kuseri da Garwa kuma sun san ta da bakin Faransa, binaire. Asalinta daga Latin ne, daga bini, wato bibbiyu. Ma'anarta tsari ne wanda kowane gurbi a cikinsa hali biyu kawai yake da shi: makunnin fitila ko a kunne ko a kashe, amsa ko i ko a'a, lamba ko 0 ko 1. Da na ukun zai samu wurin zama, to sunan ya ɓaci.

Abin da marubutanmu ke mantawa shi ne, ƙarfin wannan tsari yana cikin jera gurabe da yawa. Gurbi ɗaya abu biyu yake iya bambancewa, gurbi biyu huɗu, gurbi takwas 256. Da haka kwamfuta ke riƙe harafi da hoto da murya. Leibniz, masanin Jamus, ya yi bayanin wannan lissafi a 1703, amma Bahaushe ba baƙonsa ba ne. Mai bugun ƙasa yana zana layi huɗu, kowane layi ɗigo ɗaya ko biyu, sai ya samu siffofi 16. Ba tallar duba nake yi ba, lissafin nake nunawa: ko shi ba ya yanke magana da layi ɗaya.

To amma dubi yadda muke yi da kalmar idan an zo kan Kamaru. Sai ka karanta cewa ƙasar bainari ce, masu Ingilishi da masu Faransanci, shi ke nan. Na san inda maganar ta samo tushe. A ranar 1 ga Oktoba 1961 an kafa tarayya mai jihohi biyu, Gabas da Yamma, har Ahmadu Ahijo, ɗan Garwa, ya rushe ta da ƙuri'ar raba gardama ta 20 ga Mayu 1972. Rikicin da ya tashi a yankuna biyu masu Ingilishi tun 2016 gaskiya ne, an zubar da jini, ban kuma raina shi ba. Sai dai wannan gurbi ɗaya ne. Wanda ya tsaya a kansa ya ɗauki ƙasa mai harsuna fiye da 200 ya mayar da ita makunnin fitila.

Kuseri ita ce ke tona asirin wannan lalaci. Gari ne a bakin kogin Logon, yana kallon Njamena, gadar Ngeli ce ke haɗa su. A takarda yana ɓangaren Faransanci, a kasuwa kuwa Larabcin Shuwa ne ya fi tashi, ga Kotoko, ga Fulatanci, ga Barbarci, ga Hausa. A nan ne aka kashe Rabe da kwamandan Faransa Lamy rana ɗaya, 22 ga Afrilu 1900. Garin ya zauna a hannun Jamus, ya koma hannun Faransa, har aka laƙaba masa suna Fort-Foureau. A watan Fabrairu 2008 mutanen Njamena dubbai suka tsallako gudun yaƙi suka fake a cikinsa. Wane gurbi ɗaya ne zai ɗauke wannan duka?

Abin ya wuce gardamar malaman nahawu, domin kalma tana tsara yadda ake neman magani. A Disamba 2021 faɗa ya ɓarke tsakanin Larabawan Shuwa makiyaya da Musgum masunta da manoma, ya iso Kuseri, aka ƙone kasuwar shanu, dubban mutane suka gudu Chadi. Wanda ya san Kamaru da Ingilishi da Faransanci kaɗai ba shi da abin faɗa a nan. Wanda kuma ya ce ai ƙabila biyu ce, ya sake faɗawa ramin da ake gudu, don ya bar batun ruwa da ke janyewa, da ramukan da masunta ke haƙawa su tare kifi shanu na faɗawa, da tambayar wa ke da ikon raba ƙasa. Idan marubuci ya ce mutane kashi biyu ne, ya riga ya umarci mai karatu ya zaɓi gefe.

Shawarata ga 'yan uwa marubuta guda biyu ce. Idan maganar lantarki ko kwamfuta ake yi, mu ce tsarin i ko a'a, ko tsarin hali biyu. Kaka ma za ta gane. Idan kuma maganar mutane ce, kuma lalle sai mun ari bainari, to mu are ta dukanta, mu jera tambayoyi: wane harshe yake yi a gida, wane a kasuwa, da me yake ci, daga wane gefen kogi ya auro, wane sarki yake gaisarwa. Tambaya takwas ta ba mu mutum iri 256, kuma ko su ba su ƙare Kuseri ba.

Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Balle wanda aka yanke aka ɗauko rabi.