Natsuwa Kafin Basira: Sharhi a kan Koyarwar Mahasi Sayadaw

Ɗalibin ilmi da ya yi karatu a zaurukan Katsina, ko a Ƙofar Guga ne ko a Masanawa, ya san Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware wa tafakkuri babi na musamman a cikin Ihya'u, dabam da babin zikiri. Wannan rarrabewa za ta taimaka mana wajen fahimtar wata taƙaddama ta mabiya addinin Buda, wadda ita ce maƙasudin wannan takarda.

Su ma sun kasa aikin zuciya gida biyu. Akwai samata, wato kafe zuciya a kan abu guda har ta nutse a cikinsa, matakin da suke kira jana. Akwai kuma wipasana, basirar da ke gano cewa babu abin da ke ɗorewa a jiki ko a tunani. Littafin Wisuddimagga, wanda Budagosa ya wallafa a tsibirin Silan a ƙarni na 5, ya jera tsarkin ɗabi'a da farko, sannan natsuwa, sannan basira. Amma Mahasi Sayadaw (1904-1982), malamin ƙasar Bama da ya koma Rangun da koyarwa a 1949, ya ce ba lalle sai an kai ga jana ba. A ganinsa natsuwa ta ɗan lokaci, wadda ke bin kowane motsi kamar tashi da faɗuwar ciki yayin numfashi, ta wadatar. Wasu malaman Silan, irin su Kheminda Thera, suka yi masa ca.

A tawa fahimta masu sukar sun wuce gona da iri, domin Wisuddimagga kansa ya ambaci mai bin tafarkin basira zalla. Raunin yana wani wuri dabam. Jana tana da alamomi biyar sanannu, cikinsu har da farin ciki da tattaruwar zuciya wuri guda, waɗanda malami zai auna almajiri da su. Natsuwa ta ɗan lokaci kuwa ma'auninta ba shi da wannan kaifi, ga shi an yaɗa tafarkin ga dubban mutanen gari masu zaman 'yan makonni. Almajirin da zuciyarsa ke tsalle daga wannan zuwa wancan yana iya ɗauka natsuwar ce ta samu, ba abin da zai hana shi sai tambayoyin da malami ke yi masa.