Katin Shiga Gidan Tarihi: Tsokaci Kan Kyautar Da Ake Yi Wa Sababbin 'Yan Ƙasa A Kanada

A ƙasar Kanada akwai wani tsari da aka soma cikin 2008, wanda ya cancanci a yi masa duban tsanaki. Baƙon da ya yi rantsuwar zama ɗan ƙasa akan ba shi izinin shiga gidajen adana kayan tarihi, da zaurukan nunin zane-zane, da wuraren tarihi, da gandayen daji na hukuma, ba tare da ya biya ko anini ba, har tsawon shekara guda, shi da 'ya'yansa ƙanana har huɗu. Da fari kati ne ake bayarwa. Cikin 2019 aka mayar da shi manhajar wayar hannu mai suna Canoo, kuma a lokacin wuraren da suka amince da shi sun haura 1,400. Ba hukuma ce ta ƙago tsarin ba. Wata cibiya ce mai zaman kanta, wadda Adrienne Clarkson da mijinta, marubuci John Ralston Saul, suka kafa cikin 2006.

Sanin ita Clarkson ɗin yana taimakawa wajen gane manufar kyautar. A Hong Kong aka haife ta cikin 1939, iyayenta suka shigo da ita Kanada gudun hijira cikin 1942, wato a daidai zamanin da dokar 1923 ta rufe wa mutanen Sin ƙofar ƙasar, dokar da ba a soke ba sai 1947. Wannan yarinya ce ta zama Gwamna Janar daga 1999 zuwa 2005. Wanda ya shigo gida ta irin wannan ƙunci ya san bambancin da ke tsakanin a ba mutum takarda da a ce masa ya shigo zaure ya zauna.

Ta fuskar ilimi, alfanun tsarin a fili yake. Mai neman zama ɗan ƙasa yakan zauna jarrabawa mai tambayoyi 20, sai ya ci 15 kafin a ce ya haye, kuma daga ɗan littafin hukuma yake haddace amsoshin. Hadda kuwa takan zube da an fito daga ɗakin jarrabawa. Amma wanda ya tsaya a tashar jiragen ruwa ta Pier 21 a birnin Halifax, inda baƙi kusan miliyan ɗaya suka sauka tsakanin 1928 da 1971, wadda a yau gidan tarihin ƙaura ce, ya ga akwatunan waɗanda suka riga shi zuwa, ba ya bukatar a sake gaya masa cewa yawancin maƙwabtansa jikokin baƙi ne. Gani ya kori ji. Sai dai a nan an daɗe ana tafka kuskuren tsari, domin sai bayan an ci jarrabawa ake ba da katin, alhali kafin jarrabawar ne mutum ya fi bukatarsa. Cikin 2022 aka gyara wannan, aka shigar da masu takardar zama na dindindin waɗanda ba su kai ga rantsuwa ba.

Duk da haka, muhimmiyar tambaya ba ta kuɗin ƙofa ba ce. Ita ce: idan ya shiga, me zai tarar? Masu yabon tsarin sukan yi magana kamar gidan tarihi rumbu ne da aka zuba gaskiya a cikinsa, kowa ya zo ya ɗiba. Ba haka abin yake ba. Kowane nuni zaɓe ne: wani ne ya zaɓi abin da za a baje, da abin da za a bari a ma'aji, da kalmomin da za a rubuta a ƙarƙashin kowane kaya. Saboda haka gidan tarihi shi ma matani ne, kamar littafi, yana da mai magana, yana kuma da wanda ake magana a kansa.

Misali mafi kusa ga mai karatu shi ne abin da ya auku a babban gidan tarihi na Royal Ontario da ke Toronto. A ƙarshen 1989 aka buɗe wani nuni mai suna Into the Heart of Africa, na kayayyakin da sojoji da 'yan mishan na Kanada suka kwaso daga Afirka a zamanin mulkin mallaka. Wadda ta shirya shi, Jeanne Cannizzo, ta yi nufin yi wa tunanin 'yan mulkin mallaka zambo ne, ta hanyar baje kalamansu yadda suke. To, zambo kuwa sai wanda ya san dawan garin yake gane shi. Baƙar fatar birnin suka shiga, suka ga hoton Bature bisa doki yana soke Bazulu da takobi, suka karanta kalaman raini ba tare da wata murya ta Afirka da ta mayar da martani ba. Aka yi ta zanga-zanga a ƙofar gidan cikin 1990, har 'yan sanda suka kama mutane, sauran gidajen da suka shirya karɓar nunin suka janye. Sai cikin 2016 gidan ya nemi gafara a bainar jama'a. Abin lura a nan shi ne, sabon ɗan ƙasa da ya fito daga Afirka ba al'adun Kanada kaɗai yake zuwa kallo ba. Yana iya tarar da kayan kakanninsa cikin gilashi, da bayanin da wani ya rubuta musu. Katin ya ɗauke shi ɗan kallo, alhali kuwa wani lokaci shi ne abin kallon.

Akwai kuma batun 'yan asalin ƙasar, waɗanda Turawa suka iske. Daga 1885 zuwa 1951 doka ta haramta musu bikin rabon dukiya da ake kira potlatch. Bayan wani biki da mutanen Kwakwaka'wakw suka yi cikin 1921 aka ɗaure wasunsu, aka karɓe musu kayan rawa da fuskokin itace, aka rarraba wa gidajen tarihi na Ottawa da Toronto da New York. Sai wajen 1979 da 1980 kayan suka fara komawa hannun masu su. Wannan tarihi ya shafi sabon ɗan ƙasa kai tsaye, domin tun 2021 rantsuwar da yake yi ta ƙunshi amincewa da haƙƙoƙin 'yan asalin ƙasar da yarjejeniyoyin da aka ƙulla da su. Ke nan ranar da ya yi rantsuwa ya zama magaji, shi kuwa magaji ba dukiya kaɗai yake tararwa ba, har da bashin da mamaci ya bari. Gidan tarihin da ya nuna masa dukiyar ya ɓoye bashin bai yi masa adalci ba, ko da kyauta ya shigar da shi. Gaskiya ne gidaje da dama sun gyara salonsu tun bayan rahoton Hukumar Gaskiya da Sulhu na 2015, wanda ya nemi a sake duba manufofin gidajen tarihi, amma katin bai bambanta wanda ya gyara da wanda bai gyara ba.

Saura wa'adin shekara guda. Ana iya cewa ɗanɗano ne, wanda ya ji daɗi ya dawo da kuɗinsa, kuma ba laifi ba ne gidajen su yi fatan samun sababbin masu ziyara. Amma Ingila ta bi wata hanya tun 2001, inda ta soke kuɗin shiga manyan gidajen tarihinta ga kowa da kowa, baƙo da ɗan gari, ba tare da wa'adi ba. Ban da haka, ba kuɗi ne kaɗai ke hana mutum zuwa ba. Direban tasi ko ma'aikaciyar gidan kula da tsofaffi da ke aikin dare, ranar hutunsu ta barci ce. Bayanan da ke jikin bango kuma galibi da Ingilishi da Faransanci ake rubuta su, harsunan da tsohuwar da 'ya'yanta suka ɗauko daga Kabul ko Asmara ba lalle ta iya karantawa ba, alhali wanda ya kai shekara 55 ba a ma neman ya yi jarrabawar harshe kafin ya zama ɗan ƙasa. Irin wannan tsohuwa tana da katin a wayarta kamar kowa, kuma wa'adinsa yana tafiya ko ta je ko ba ta je ba.